Yadda Lakabin Mahaifiyata Ya Zama Mallakin Wani

Har na haura shekara arba'in ina da yaƙini a kan abubuwa biyu. Na farko, takardar rajistar sunan kasuwanci da na rataye a bangon shagona ta isa ta kare duk abin da na gina. Na biyu, ka ce wa ɗan'uwanka ya sa hannu a yarjejeniya cin fuska ne. A lokacin ina aiki a sashen noma a Birnin Kudu, na karanci kimiyyar abinci a jami'a, kuma ina ganin kaina mutum mai lura. Yau ina da hamsin, kuma duk sanda na tuna wancan mutumin sai raina ya ɓaci.

Mahaifiyata tana zaune a gidanmu na gado a Fagam, kuma an san ta da ɗanwake tun kafin a haife ni. Nata ba ya narkewa a tukunya, ba ya kuma yin tauri idan ya huce. Na daɗe ina zama kusa da ita ina auna abin da take ɗiba da hannu, wake da rogo da kuka da kanwa, har na fitar da ma'auni tsayayye. Na fara niƙa garin ina ƙullawa a leda, na buga masa lakabin da jikokinta ke tsokanarta da shi, da zanen ludayinta a ƙasa. Ba zan rubuta lakabin a nan ba. Mata suka karɓe shi daga Kangire har Basirka, saboda wadda ta san tsohuwar ta gaya wa wadda ba ta sani ba.

Ɗan ƙanen mahaifina yana da motocin haya tsakanin Gwaram da Kano. Tare muka tashi, a kwano ɗaya muka ci. Shi ya ce in bar masa kasuwar Kano, ya kuma ce ya san mai buga leda a can wanda ya fi nawa araha. Na miƙa masa zanen. Da ya ce masu shagunan birni suna tambayar abin da ke cikin garin, na karanta masa ma'aunin a waya, yana ta yi mini kirari wai boko ta yi rana. Matata ta ce ko 'yar takarda ce mu rubuta. Na ce mata ba ta san zumuncin gidanmu ba.

A wajen wani biki ne asiri ya tonu. Wasu mata suka tare mahaifiyata cikin raha suna tambayarta ko tsufa ne ya sa ta fara ha'inci, wai garinta ya zama rogo zalla, yana watsewa a ruwa kamar kunu. Ta dawo gida ba ta ci abinci ba. Na sa aka sayo mini leda ɗaya a kasuwa. Lakabinta ne, ludayinta ne, amma garin ba daga injina ya fito ba. Ashe ɗan'uwana ya daɗe da kafa nasa injin a Kano, ya rage wake ya ƙara rogo, har kayansa sun fara gangarowa kasuwanninmu.

Na ɗauki takardar rajistata na tafi wurin lauya cike da gadara. Ya duba ta, ya ce wannan ta ba ni izinin yin kasuwanci da sunan shagona ne kawai. Alamar da ke jikin kaya tana da rajistarta daban, a wani ofishi daban. Da ya bincika, sai ga shi an yi wa lakabin da zanen rajista da sunan ɗan'uwana, wa'adin ƙorafi ma ya wuce. Ya ce duk da haka akwai hanya, idan zan iya nuna wa kotu cewa ni na fara amfani da alamar. Ya nemi rasiɗan buga leda, na farko ban ajiye su ba, sauran kuwa duk suna ɗauke da sunan ɗan'uwana. Ya nemi bayanan ciniki, babu, domin kuɗin gari da albashina a asusu ɗaya suke shiga. Abin da ya rage shi ne shaida, kuma babbar shaida ita ce mai lakabin.

Kafin a kai ga kotu dattawan gida suka kira zaman sulhu. A gabansu ɗan'uwana bai musa komai ba. Ya gyara zaman hularsa ya ce shi bai ga abin tashin hankali ba, ai Inna uwarmu ce duka, ko ni kaɗai ta goya? Ya ce shi ya taimaki sunan ne da ya kai shi birni, da yana hannuna da har yanzu a bayan babur yake yawo. Wasu suka yi dariya. Aka juya ga mahaifiyata. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta taɓa kira ba, kuma ba a taɓa jin ta goyi bayana a gaban mutane ba, balle a kan ɗan ƙanen mijinta. Ta sunkuyar da kai ta ce a bar wa yaron, duk ɗaya ne. Dattawa suka yi ta sa mata albarka saboda kara. Shi kuwa ya san abin da za ta faɗa tun kafin ya zo. Da kunyarta ya yi lissafi, kamar yadda ya yi da tawa. Wannan ne ban yafe ba. Ban kuma yafe wa waɗanda suka ga zalunci suka kira shi zumunci ba, don kawai a tashi taro lafiya.

Na tambayi kaina sau da yawa ko ya kamata in ja ta zuwa kotu. Da na yi, da na tilasta wa tsohuwa ta karya abin da ta rayu a kansa don ta gyara sakacina. Ban iya ba. Ga duk mai ƙulla wani abu a leda da suna a jiki, ina cewa ya yi wa alamarsa rajista kafin ya nuna wa kowa, ya karɓi rasiɗi da sunansa, ya raba asusun sana'a da na gida. Ya rubuta yarjejeniya da ɗan'uwa tun ana dariya, domin rubutun ne zai hana a sa iyaye a tsakiya.

Yanzu garina yana fita da wani suna da babu wanda ya san ma'anarsa. Mahaifiyata ta hana jikokinta kiranta da lakabin, ta kuma daina yin ɗanwake.