Gadar da Yaya Isufu Ya Rataya a Ƙofar Gida

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai yayana Isufu makwancinsa a nan Arlit, amma sai a wannan makon nake jin kamar yanzu ne za mu gama binne shi. Dalili kuwa gadarsa ce. Duk wanda ya taɓa bi ta layinmu ya san ta: gadar ƙarfe mai tsawon taki goma sha biyu, ta tsallake ɗan kwarin da ke ƙofar gidansa, kwarin da ba ya ganin ruwa sai kwana biyu ko uku a shekara. An ce mana dole a cire ta. Matarsa, Yaya Hadiza, ta ce sai dai a haɗa da ita a ɗauka. Ni kuma da na rage babba a gidan, kowa ya zuba mini ido.

Yaya mai walda ne. Daga Damagaram muka zo, shi ya riga ni, ya yi shekaru yana haɗa tiyo, wato bututun ƙarfe, a ma'adinin yuraniyom kafin ya buɗe rumfarsa a cikin gari. Bai taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da ya sani shi ne tafkin da muka yi iyo a ciki muna yara. Wata rana ya ji a rediyo cewa tsakanin Maroko da Sifaniya akwai inda teku ya tsuke, har mutum yana Afirka yana hangen duwatsun Turai, kuma wai ana tunanin haɗa su da gada. Daga ranar muka shiga uku. Ba a shan shayi a rumfarsa sai an sha da maganar gada.

Shirinsa mai sauƙi ne: a jira rani ya yi tsanani, ruwa ya ja da baya, a haƙa tushe, a zuba siminti, kamar yadda ake yi a kowane kwari tsakanin nan da Agadas. Wani injiniya ɗan Tawa, wanda ya yi karatu a bakin teku, shi ya rusa masa lissafi a gabanmu. Ya ce teku ba ya ƙafewa da rani. Ya ce zurfin wurin, ko tsaunin tarkacen ma'adini da ke bayan gari aka jefa ba za a ga kansa ba, ga igiyar ruwa mai ƙarfi, ga ƙasar wurin tana girgiza, ga manyan jirage da ke neman hanya. Muka yi dariya har da riƙe ciki, ni na fi kowa. Yaya bai yi ba. Sai ya ce, "To, in ba a iya kafa mata ƙafa cikin ruwa, sai a rataya ta."

Haka ya yi a ƙofar gida, don ya gwada mana. Ginshiƙi biyu a wannan gaɓa, biyu a waccan, wayoyi masu kauri daga sama, babu abin da ya taɓa ƙasan kwarin. Har 'yar tazara ya bari a mahaɗa, domin ya san yadda ƙarfe ke miƙewa a zafin garin nan. Kayan kuwa wurin masu tsohon ƙarfen da ake fitowa da shi daga ma'adini ya saye su, inda kowa ke saye. Ƙofofinmu, gadajenmu, har tukwanen wasu, duk daga can suka fito.

Ranar da ya gama ya ce mini, "Mamman, hau ka gani." Na ce ƙato kamata ba zai je ya karye don maganar Turai ba. Yara suka hau, mata suka hau da tallarsu, har awaki suka saba da ita. Ni dai na kafe. Shekara shida ina gangarawa cikin kwari, yashi na cika mini takalmi, shi yana leƙo ni daga sama yana girgiza kai. Ciwon ƙirji ya ɗauke shi ban hau ba, kuma bayan rasuwarsa kunya ta hana ni. Wannan taurin kai yana ci mini rai har yau.

Ina yawan tambayar kaina abin da zai ce da ya ga yau. Aiki ya yi ƙaranci a garin, ɗansa Nasiru ya bi ta Asamaka, a kan iyaka, ya yi arewa, yanzu yana leburanci a gaɓar Maroko. Kwanaki ya turo mini saƙon murya: "Baffa, na zo wurin da Baba yake faɗi. Wallahi ana hangen can ɗin ƙarara. Amma ruwan nan ba ya ja da baya." Na gane abin da bai faɗa ba, yana jiran ƙaramin jirgin ruwan da zai tsallaka da shi ne. Na ji an ce yanzu masana sun fi karkata ga haƙa hanya ta ƙarƙashin teku, gadar ta yi musu wuya. Ban san gaskiyar wannan ba. Abin da na sani, dutsen da aka haƙa a ƙarƙashin ƙafafunmu ya daɗe yana tsallake teku ba tare da gada ba, 'ya'yanmu ne ba su da hanya. Ko an gina ta gobe, wa zai bar Nasiru ya taka? Yaya ya rasu yana zaton ruwa ne kaɗai ya raba mu da Turai.

Ana cikin haka wasu 'yan gari masu bin gida gida da na'urar auna gubar ƙarfe suka iso layinmu. Da suka kara ta a ginshiƙan gadar, ta yi ta kuka ba tsayawa. Babbansu ya ce kada yaro ya ƙara zama a wurin, za su kwashe ta su binne nesa da gari. Ban san ko ƙarfen nan ne ya ci ƙirjin Yaya ba. Likita bai faɗa ba, ni kuma ba zan yi ƙarya a wannan rubutu da zai fita a jarida ba. Amma ina tuna shi yana goge tiyon gadar nan, ƙura na tashi a fuskarsa, kofin shayinsa a ajiye a kai, sai in ji raina ya ɓaci, ban ma san da wa zan yi faɗa ba.

Da na je wa Yaya Hadiza da maganar, ta ce, "Mamman, har da kai? Abu ɗaya da ya bar mana? Nasiru in ya dawo ta ina zai shigo gida?" Na roƙe ta dai ta fito ƙofa. Rana ta take, ga ƙaramar jikarta tana barci a inuwar gadar, ta jingina kumatunta da ginshiƙi. Yaya Hadiza ta gan ta. Sannan ta gangara ta saɓo yarinyar, ta wuce ni ba ta dube ni ba, sai da ta kai bakin zaure ta ce, "Su zo ran Asabar."

Gobe ce Asabar. Rumfar Yaya ta zama ta wani, kayan aikinsa sun watse, gadar ma za ta tafi. Abin da zai rage shi ne halin mutumin da aka yi wa dariya a bainar jama'a, bai yi fushi ba, ya koma ya gyara kuskurensa da hannunsa. Allah Ya jiƙansa, Ya dawo mana da ɗansa ta busasshiyar ƙasa.

Yau da safe, bayan na kori yara daga wurin, na tuɓe takalmi na hau. Ta ɗan yi lilo, na kama waya. Na ƙirga takina har goma sha biyu, na sauka a ɗaya gaɓar, na waiwaya wajen da yake tsayawa.

Ta riƙe ni, Yaya.