Allurar da ta tsare Kawu Bukar

Bana shekara talatin ke nan da muka kai Kawu Bukar makwancinsa a Gure. Ƙanin mahaifiyata ne, kuma a zamaninsa babu mai aikin riga kamarsa daga Bune har Gamu. Jiya na tsaya gaban shagon wani tela, ina kallon keke yana zuba surfani a wuyan riga kafin shayi ya huce, sai na ji kamar Kawu na tsaye a bayana yana tsaki. Na san abin da zai fara yi: ya juya rigar ya duba bayanta.

'Yan yau ba su san aikin tilas ba, Allah kada ya sa su sani. Shekarun da jirgin ƙasa ya fara isa Nguru, mu a nan gardin kumandan, wato ɗan sandan Baturen da ke mulkinmu, shi ne ke bin gida gida yana kwasar samari zuwa aikin hanya. Wasu su dawo da tari, wasu ba su dawo ba. Kawu ya tsira domin tafintan kumandan mutum ne mai son ado, ya ce kada a taɓa mai yi masa riguna. Da gemuna ya fara tsiro, mahaifina kuma ya rasu, Inna ta kai ni zauren Kawu tana kuka. Shi ya je ya gaya wa tafinta cewa ni ne hannunsa na biyu, alhali ko zare ban iya zurawa a allura ba. Tafinta ya yarda, amma ya ce gardi zai zo ya gani bayan girbi.

Haka na shiga zauren nan, na tsane shi kuwa. Kawu ya ja layi da gawayi a kan tsumma, ya ce in bi shi da ɗinkin sarƙa: allura ta fito, zare ya zagaye bakinta, ta koma ramin da ta fito. Sarƙata ta yi ta tafiya kamar sawun jaki mai ɗingishi. In na cika tsumman, ya sa ni in warware. Sai da sarƙa ta miƙe ya koya mini 'yan idanun nan da ake hudawa a zagaye, sannan cike fili ba tare da yadi ya tattare ba. Tsarana na kokawa a dandali, ni ina durƙushe har wuyana ya ƙage.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne fata. Masu koyo kan ɗaura 'yar fata a yatsar tsakiya don tura allura. Na samo tawa wurin baduku, Kawu ya fizge ta ya jefa wa kaji. Yatsa ta tsage, ta yi jini, ta warke, ta sake tsagewa. Na kai ƙara wurin Inna, ta ce in koma.

Ranar da gardi ya zo, na shimfiɗa tsummana mafi kyau. Ko kallonsa bai yi ba. Hannuna ya kama, ya murza kan yatsar da babban yatsansa, ya ji kanta ta yi tauri kamar ƙofato. Ya sake ni, ya wuce gidan maƙwabta.

"Kowa na iya aron ɗinki, ɗan nan," in ji Kawu. "Kanta ce ba a aro."

Sai da na girma na gane abin da ya biya. Kafin zuwana, Kawu ya riga ya shirya tsallake iyaka zuwa Nguru kamar yadda da yawa suka yi, don ya ga jirgin nan, ya yi aikin kansa. Da ya roƙa mini alfarma, tafinta ya gaya masa ƙarara: ranar da aka nemi Bukar aka rasa, ɗan 'yar'uwarsa ne zai ɗauki diga. Gaba kura, baya sayaki. Riga na ƙarewa a kawo wata, bai ko isa ya je ta'aziyya Alakos ba sai da izini. In baƙo ya yaba masa sa'a, yakan ce, "Ai allura ta tsare ni." Baƙon ya ce madalla. Ni da ke gefensa na san wace tsarewa yake nufi.

Lokacin da aka soke aikin tilas, idanunsa sun riga sun tafi. Na ce in ɗora shi a raƙumi mu je, ko ƙarar jirgin ya ji. Ya yi dariya ya ce a bar wa masu ido.

Da zai ga yaran yau suna hawa mota su nufi inda suka ga dama, ina jin ba zai yi hassada ba, sai dai ya tambaye su ko sun duba wa suka bari a baya. Keken tela kuwa, watakila ya yafe masa, tunda ba ya cin idon kowa.

Rigunansa ba ko ɗaya a hannunmu, sun bi tafinta da iyayen gidansa. Bai bar gona ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya bari yana kan yatsata ta dama. Na daina ɗinki tuntuni, amma kantar ta ƙi fita, kuma har gobe in na hangi mai kaki ya nufo ni, sai in tarar ina shafa ta. Allah ya jiƙan Kawu Bukar, ya buɗe masa ƙofar da bai samu a nan ba.