Igiyoyin Baba Sanda

Shekara talatin da ɗoriya, duk wanda ya bi ta layin 'yan katako a Rafin Guza da hantsi ya san abin da zai tarar. Baba Sanda na zaune kan guntun kututture, tabarau ya zamo masa kan hanci, ya matse zarto tsakanin katako biyu yana bin haƙoransa da magagari, wannan ya karkata shi dama, wancan hagu. Ba ya amsa gaisuwa sai ya kai inda ya sa alli. Ba wulaƙanci ba ne, gudun kada ya tsallake haƙori ɗaya ne.

Sana'arsa haɗa zarton inji, dogon nan mai kama da ɗamara wanda ke zagaya wili biyu yana tsaga katako. Yakan sayo naɗin ƙarfen daga kasuwar Fanteka, ya yanka daidai injin mutum, ya goge bakin nan biyu, ya liƙe su da tagulla a wuta, sannan ya sake ɗumama mahaɗar a hankali har ta yi shuɗi. In ta wuce, ƙarfe ya yi laushi. In ba ta kai ba, ya ɓalle kamar ƙuli-ƙuli. Duk sirrin yana cikin ganin wannan launin.

Bai taɓa yarda da lambar da ke jikin inji ba. Yakan ce injinan Kaduna sun sha gyara har sun manta sunan ubansu. Da ƙafarsa yake zuwa da igiya, ya zagaya wilin, ya ƙulla, ya koma ya rataye ta a ƙusa. Kowane inji da igiyarsa. Tamu mai jan ƙyalle ce, mahaifina Malam Ahmad ne ya riƙe masa ɗaya bakin ranar da aka auna injinmu a Unguwar Kanawa, injin da na gada.

Ku tambayi Nura kafinta. Ana jibi zai miƙa bencuna sittin na wata makaranta zartonsa ya tsinke, Baba ya taso daga wajen suna da babbar rigarsa ya hura wuta. Ni kuma da idona na ga ya ƙwace sabon zarto daga hannun mai shi, ya sare mahaɗar ya sake, don kawai ya ji tana ƙas-ƙas da aka kunna inji. Mutumin na cewa, "Haba Baba, ai yana yanka." Ya ce, "Yau yana yanka katako. Gobe fa?"

Kai ne Sanda maganin tsinkakke. Kai ne wanda yatsun kafintoci da yawa ke cikin amanarsa, ba su ma sani ba.

To, ga inda nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye ba. Shekara shida da suka wuce zartunan kwali suka cika gari, haɗaɗɗu tun daga kamfani, sai ƙyalli. Ba jira, ba zaman kututture. Gaskiya wasunsu suna da kyau. Daidai lokacin Baba ya kira ni ya ce, "Husaini ɗan Ahmad, idona ya fara yi mini gardama. Ka riƙa zuwa ran Asabar, wata uku ya ishe ka ka iya." Wallahi dariya na yi. Na ce, "Baba, wa zai zauna busa gawayi ga na kwali? Zamani ya wuce nan." A gaban mutane na faɗa. Ya gyara tabarau ya ci gaba da aikinsa.

Na kwalin da na sayo ya gaza wa injinmu da kamar yatsa biyu. Maimakon in koma, na danna shi da ƙarfin tsiya na ɗaure. Kwana huɗu ya yi, ya tsinke ina tsakiyar tsaga madaci, ya bar mini tabon nan a bayan hannu. Mai hankali da daga asibiti sai Rafin Guza. Ni kunya ta hana ni. Na kira mai walda ya sare ƙarfen injin ya sauko da wilin sama, don ya dace da zarton kwali. An taɓa ganin wanda ya rage ƙafa saboda takalmi? To ga ni.

Juma'ar da ta wuce Baba ya rufe rumfa. Likita ya ce idon ba zai dawo ba, kuma ba ko mutum ɗaya da ya koya a hannunsa. Da aka sauko daga masallaci muka taru, yana laluben ƙusa yana gane kowace igiya da ƙullinta, yana miƙa wa mai ita. Na raɓe a baya ina cewa tawa ta daɗe da shiga shara. Sai na ji, "Ɗan Ahmad ya zo?"

Jan ƙyallen ya koɗe, amma tana nan. Shekara shida a ƙusarta.

Na durƙusa na ce, "Baba, ba za ta yi ba yanzu. Na yanke injin."

Ya ce, "Na sani. Mai waldar ya gaya mini tun ranar. Na dai ajiye ta ne saboda hannun da ya riƙe mini ɗaya bakin."

Na kasa ɗaga kai. Na ce ya yafe mini, na ce ko Asabar ɗin nan tana nan.

Ya ce, "Tana nan. Amma da ka zo ina gani, ni zan nuna maka shuɗin. Yanzu kai za ka riƙa gaya mini abin da kake gani, ni kuma in yi ta tsammani. Ban sani ba ko za mu kai."

Baba, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya sa wutar da ka sha hurawa ta zama iyakar wadda za ka gani. Ku kuma 'yan'uwana masu sana'a, ku sayi na kwali in ya dace da injinku, ba wanda ya hana. Amma in tsohon layinku ya ce ku zo ku koya, ku je tun yana gani.

Jiya Asabar na je. Na hura wuta, na ɗora mahaɗar, na ce, "Baba, ta yi shuɗi." Ya karkato fuska wajen wutar ya ce, "Wane irin shuɗi?" Na sake sunkuyawa ina duban ƙarfen.