Ranar da Maccido Ya Share Mararraba

Maccido bai taɓa jingina da katangar gidansa ba. Ko rana ta take, inuwa ta koma gindinta, sai ya ja tabarmarsa can gefe ya zauna yana gumi. Masu wucewa suna cewa tsentseni ne.

Gidan yana bakin mararrabar da hanyar Kwalkwalawa ke haɗuwa da ta kasuwa. A da jakuna ne da raƙuma, kowa ya san girman kowa. Da kuɗin mai suka shigo, zamanin soja, sai ga Fijo, ga babura, ga manyan motocin siminti da ba sa iya shan kwana sai sun ja da baya. Abin da ke bayansu kuwa katangar Maccido ce, kuma ɗakin matarsa Bara'atu yana manne da ita. Ya yi ta sake gina ta har magini ya daina tambayar inda zai fara.

Dillalin gero ne, bai yi boko ba, amma ya ji a rediyo cewa gwamnatin tarayya tana neman inda za ta zuba kuɗi. Ya yi ta zarya ofishin ayyuka har masinja ya fara ajiye masa kujera. Daga ƙarshe aka ce wani injiniya zai zo daga Legas ya ga cunkoson da idonsa. In ya gamsu, za a buɗe wurin a yi shataletale.

A nan ne tarbiyya ta motsa wa Maccido. Ya tafi tasha wurin amininsa Tambari, shugaban direbobi.

"Tambari, baƙon gwamnati za ya taho. Haka za ya ishe mu, kashin jakkai har ƙwauri?"

"To mi kaka so a yi?"

"A kauda motocin ga. Yini guda dai."

"Kai dai da kunya kamar sabon suruki," in ji Tambari. "An gama."

Aka karkatar da motoci ta bayan gari. Aka tare masu jakuna tun daga nesa. Masu fura da masu rake aka lallashe su suka koma lungu. Aka yi shara, aka yayyafa ruwa, duwatsun bakin hanya ma suka sha farar ƙasa.

Injiniya ya iso da wani manjo a gefensa. Suka tsaya suna dubawa. Akuya ɗaya ce ta tsallaka, ita ma ba ta yi sauri ba. Injiniya ya sa tafinta ya tambaya ina wurin da ake kuka da shi.

"Nan ne, ranka ya daɗe," in ji Maccido, yana gyara zaman hularsa. "Mun ɗan kintsa."

Injiniya ya yaba ƙwarai. Ya ce da Legas za ta samu hanya mai sarari haka, da ya yi ƙiba. Aka saka masa rago a bayan mota, ya tafi. Kuɗin kuma aka ji sun sauka wani gari, inda mutane ba su iya karɓar baƙo ba.

Bara'atu tana tankaɗe lokacin da labari ya iso. Ba ta ɗaga kai ba.

"Malam, likita yaz zo duba majinyaci, kai ko ka yi mai wanka ka naɗa mai rawani."

"Mutuncin gari fa, Bara'atu?"

"Shi na nan lafiya lau. Ni dai a maida man gadona zaure."

Maccido bai karaya ba. Aka yi juyin mulki, sababbin sojoji suka ce su ma za su aiko da nasu injiniyan. Wannan karon ya ƙudura baƙo zai ga abin da bai taɓa gani ba. Masu jakunan Kwalkwalawa suka yarda za su fito har da masu ciki. Tambari ya yi alkawarin mota biyu da za su mutu a tsakiyar titi, ya ce wannan ba sai an roƙe su ba.

Masu raƙuma ne kawai suka kawo sharaɗi. Daga nesa suke tahowa, suka ce a faɗa musu rana. Maccido ya koma zarya ofis yana tambayar ranar, ana ce masa bayan damina. Damina ta yi ta wucewa. Yana shirin komawa ya sake tambaya ciwon ajali ya kwantar da shi.

Da masu raƙuma suka zo gaisuwar rasuwa, babbansu ya ja Tambari gefe, ya ce su fa har yanzu ba a sanar da su ranar ba.