Gonar Baba Gado

Har gobe ba zan manta da ranar da na jera yara a sahu, da tuta a gaba, na kai su gonar Baba Gado ba. Ku da kuke koyarwa yanzu kun sha tambayata dalilin da ya sa ban taɓa rataye takardar yabon da na samu tun zamanin Nasara ba. To, yau ga dalilin.

Saura 'yan shekaru a samu 'yancin kai aka tura ni wata ƙaramar lakwal, wato makarantar boko, ta ƙauye a ƙasar Kurfai, tafiyar rabin yini a kan doki daga Filinge. Muƙamina monita ne, wato ƙaramin malamin da ba a tabbatar da shi a aiki ba tukuna. Sai darekta, shugaban lakwal, ya rubuta maka rahoto mai kyau, na sama sun sa hannu, sannan a ɗaga ka. Darektanmu mutumin Dahome ne, ga ƙwazo, amma Hausarsa ba ta wuce ta cefane ba. Ni kuwa ɗan ƙasa ne, ba abin da ban sani ba na al'adarmu. Sai dai a lokacin burina ɗaya ne tak, a tabbatar da ni, a mai da ni cikin garin Filinge, in riƙa taku da takalmi sau ciki ana ce mini Mushe, kiran girmamawa na Faransanci.

A wancan zamani ba a karatu ranar Alhamis. Da damina ta faɗi, ana saura 'yan makonni a ba da babban hutu, sai na lura duk ranar Juma'a manyan yaran ajina su shida gyangyaɗi suke yi. Na sa su buɗe hannu zan zane su, sai na ga tafukansu duk bororo. Na sallami sauran, na riƙe Ibro, babbansu, yaro mai kunya wanda ba ya ƙarya.

Na ce, “Gonar wa kuke nomawa ran Alhamis? Iyayenku sun ce ba ku zuwa tasu sai azahar.”

Ya dubi ƙasa ya ce, “Mushe, in na hwaɗi, ba ka hwaɗa ma kowa?”

Na ce ba zan faɗa ba.

Ya ce, “Baba Gado na. Idanunai sun mutu tun bara. Mun tahi itacen lakwal munka iske shi shina sarar hatsi shina barin haki. Shi ya sa munka kama mai. Mushe, amana ta. Gonar ta aro ta, in anka ji ba shi gani, amshe ta za a yi.”

Baba Gado dattijo ne da ke zaune shi kaɗai a gefen gari, matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aure a Bonkuku. Kullum da safe nakan gan shi ya saɓa hauyarsa mai dogon ƙota ya nufi gona, tafiyarsa cak, ba sanda ba jagora. Ashe ƙafarsa ce ta haddace hanya. Gonar kuwa mahaifin wani magidanci mai suna Tankari ne ya ara masa tun suna samari. Ƙa'idar gonar aro a wurinmu ita ce, muddin kana noma ta taka ce, ko shekara nawa ne. Ranar da ka kasa, ta koma gidan masu ita. Yaran nan sun san haka. Shi ya sa suke bi ta bayan gari ɗaya bayan ɗaya, su yi noma shiru, su watse kafin rana ta take.

Wallahi ranar na ji daɗi har raina. Na dafa kan Ibro na ce Allah ya yi musu albarka. Da a nan na tsaya, da yau ba ni da abin da zan ba ku labari.

Bayan mako ɗaya takarda ta zo daga Filinge. Kumandan, wato Baturen da ke mulkin yankin, zai biyo ta garinmu kafin hutu, kuma ana son kowace lakwal ta nuna wani aikin amfani da yaranta ke yi wa jama'a. Darekta ya kira ni hankalinsa a tashe, don ba mu da komai sai wani lambu da awaki suka cinye. Ya ce duk malamin da ya fitar da shi kunya, rahotonsa zai yi kyau bana.

Ban ko yi dogon tunani ba. Na ce, “Ranka ya daɗe, ai yarana sun daɗe suna yi.” Na kwashe komai na faɗa masa. Na ce wa zuciyata ai alheri ne, me ya sa za a ɓoye alheri? Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Hausawa, amma ni wahalar ba a kaina ta sauka ba.

Ranar da kumandan ya zo muka fito da lakwal kaf, kowane yaro da 'yar hauyarsa, suna waƙar Faransanci, muka ratsa tsakiyar gari. Mutane suka biyo mu kallo. Ibro yana sahun farko, bai buɗe baki ya yi waƙar ba, bai kuma kalle ni ba. Muka tarar da Baba Gado tsaye a tsakiyar gonarsa, ya jingina da hauya, yana karkata kunne yana son ya gane hayaniyar mece ce.

Darekta ya yi jawabi da Faransanci, tafinta yana mayarwa da Hausa da ƙarfi don kowa ya ji. Tafintan ya ce, “Ga wani tsoho makaho, ba shi da kowa, ba shi iya noma. Ɗiyan lakwal sunka ji tausai nai!” Kumandan ya ji daɗi, ya matso ya miƙa wa tsohon hannu. Baba Gado ya miƙa nasa can gefe, inda babu kowa. Sai da tafinta ya kama hannun ya juyo da shi. Na ɗaga kai na hangi Tankari a cikin taron, ya sunkuyar da kai ya juya ya tafi.

Yara suka nome gonar tas cikin ɗan lokaci, kumandan ya tafa musu, ya rubuta sunana a ɗan littafinsa.

Da kaka ta yi, Baba Gado ya ɗaure hatsinsa, sai labari ya iske ni cewa an karɓe gonar. Na tafi gidan Tankari da fushina, na same shi a zaure yana tufka igiya. Na ce masa bai ji tsoron Allah ba.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Zamna, Mushe. Kana tsammanin ba mu san Baba ba shi gani ba? Garin ga duka an sani. Ni da kaina na ga ɗiyanka suna bi ta bayan gari, nik kau da kai. Ƙannena ukku sun daɗe suna son gonag ga, ni ko ina ce musu ai ga shi nan shina noma abinai. Tunda ba wanda ya hwaɗi, ba su da bakin magana. Yanzu an hwaɗi gaban kumandan, gaban mai gari, da tahinta. Mi zan ce musu?”

Ashe gari guda ne ya haɗu ya rufa wa dattijon nan asiri, har da yara ƙanana, ni mai karatu na zo na yaye. Na roƙi darekta, ya ce maganar gona ba ta lakwal ba ce. Na je wurin mai gari, ya ce abin da baki ya furta ba ya komawa.

Bayan 'yan kwanaki mijin 'yar Baba Gado ya zo da jaki zai tafi da shi Bonkuku. Yaran nan shida suka zo rakiya, ni ma na bi su ina jan ƙafa. Baba Gado ya kira su ɗaya bayan ɗaya, don ya san muryar kowa. Ya ɗauki hauyarsa ya ba Ibro. Ni na tsaya nesa, amma ya ji motsin takalmina.

Ya ce, “Mushe na?”

Na durƙusa na ce, “Ni ne, Baba. Ka yafe mini.”

Ya ce, “Na yahe ma, ɗana. Ba ka yi da mugunta ba.” Sannan ya ce, “Ɗiyanka sun yi karatu, Mushe. Saura kai.”

Bai ga damina ta gaba ba, can Bonkuku ya rasu. Ni kuwa takardar yabo ta zo, aka tabbatar da ni, aka mai da ni Filinge kamar yadda na so. Ibro ya ci gaba da gaishe ni da ladabi har ranar da na bar garin, amma bai sake faɗa mini wata magana tasa ba, ko ɗaya.

Na yi shekara talatin da wani abu ina koyarwa bayan haka. Abin da na koya shi ne, aikinmu yana sa mutum son a gani, a rubuta, a yaba, alhali mutanenmu sun fi taimakon juna ta hanyar da ba a faɗa. In kun ga yaranku suna wani alheri a ɓoye, ku tambayi kanku dalilin ɓoyewar kafin ku kira mai hoto. In kuma yaro ya ce muku amana ce, to amana ce. Takardar tana nan a ƙasan akwatina, na kasa yagawa, na kuma kasa ratayewa.