Sakinatu, Ni Na Zare Wayar

Ranar Laraba, 14 ga Mayu, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran ɗiyata Sakinatu bayan jinyar mako biyu. Daga gare Shi muke, gare Shi za mu koma.

Sakinatu, ni ubanki daga aji huɗu na yi sallama da boko, na koma tsaron inuwa a bakin iyakar Jibiya ina nema wa manyan motoci lodi. Ke kuwa kika yi nisa har kina rubuta wa kwamfuta umarni da harshen da kuke kira C. Ke kika yi wa ƙungiyar dillalan dabbobi manhajar da ke adana shaidar rigakafin shanun da ke shigowa daga Maraɗi, kyauta.

Kin sha zaunar da ni kina bayani. Kin ce manhajar ba ta taɓa fayil na asali kai tsaye. Sai ta buɗe na wucin gadi, ta ba shi sunan da ba mai iya canka, ta rubuta komai a ciki, in ya kammala ta aza shi a gurbin tsohon. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, na wucin gadin ne zai lalace. Ni kuwa na kai zancen majalisa, na ce ɗiyata ta yi digiri a kan rubuta takardar da za a yar. An yi dariya, har ana roƙona in maimaita.

Bara da kika zo gida, kin bar kwamfutarki mai mataccen batir tana aikin ƙungiya, kika shiga sallar la'asar. Na zare wayarta na soka cajata. Allon ya yi baƙi ƙirin. Da kika fito na ce maki wuta aka ɗauke, alhali fanka na juyi bisa kaina. Kika ce ba komai, shaidun na nan lafiya. Na tafi ina yaba wayona.

Ranar sadakar uku, Ummaru abokin aikinki ya nuna mani wani wuri a cikin manhajar. Ya ce tun zuwanki gida na bara kika ƙara umarnin da ke share guntun fayil ɗin da yankewar wuta ta bari. A samansa kin rubuta da Hausa: "Wannan saboda Baba ne. Kada a faɗa mashi, zai ji kunya."

Na ji, Sakinatu. Shekara guda ina da bakin ba'a, ban sami na neman gafara ba. Ni na zare wayar, na kuma yi maki ƙarya. Na faɗa a majalisar nan jiya, ba wanda ya yi dariya.

Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki Lawal, da mahaifiyarki Talatu, wadda ta fi ni haƙuri. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya rufa maki asiri ranar tsayuwa kamar yadda kika rufa wa ubanki. Amin.