Wa Zai Sansana Mini Firij Yanzu?

Ina goge gilashin firij ranar Talata da hantsi maƙwabcina ya leƙo ya ce Malam Garba na unguwar Kusfa, mai gyaran firij, ya rasu. Na yi salati, tsumman ya faɗi daga hannuna. Ba zan ɓoye ba, tsoro ya riga baƙin ciki shiga zuciyata.

Ina da ɗakin cin abinci a bakin kasuwar birni, da firij mai ƙofar gilashi da na saya shekarar da naira ta shigo. A ciki nake jera kindirmo da soyayyen kifi da naman kaza. Ni kuwa tun wani zazzaɓi da na yi ina saurayi, hancina ba ya jin wari balle ƙamshi. Malam Garba taubashina ne, ya san haka, bai kuma taɓa faɗa wa kowa ba. Ni kaɗai yake tsokana: "Alhaji, hancin nan naka na ado ne, matsa in ara maka nawa."

Kowace safiya, kafin ya wuce shagonsa, sai ya biyo. Ya kara kunne a jikin firij, ya shafa robar ƙofa ya ji ko sanyi na fita, ya share dattin bayansa. Ya hana ni kankare ƙanƙara da wuƙa, har ya ɓoye mini wuƙar. Sannan ya buɗe, ya sansana kwano-kwano.

Wata rana ashe an ɗauke wuta cikin dare, aka dawo da ita kafin asuba. Da safe gilashi ya yi sanyi ƙalau, kifi ya yi kyau a ido. Ina cikin zuba wa wata malamar makaranta daga Wusasa da 'ya'yanta kifin sai Malam Garba ya shigo. Yana sansana kifin, sai ya riƙe mini hannu.

"Malama, ki yi haƙuri, yau babu kifi," in ji shi. Da suka tafi ya dube ni ya ce, "Firij ba ya faɗin yadda ya kwana." Ya haƙa rami ya binne kifin don kada ko kyanwa ta ci.

Tun rasuwarsa nakan buɗe firij, in sunkuya, in ja numfashi, ba na jin komai. Masu gyara suna nan, amma inji za su gyara su tafi. Jiya wani dattijo ya ci kaza a wurina, na bi shi da ido har ya sha kwana. Har yanzu ban ga ya dawo ba.

Allah Ya jiƙan Malam Garba, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa ya huta. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya raya marayun da ya bari. Masu cin abinci a wurina kuwa, ya Allah, Ka tsare su daga abin da hannuna zai miƙa musu ban sani ba.